Maɓalli da Mabuɗi: Sarrafa Ayyukan Caji da Tsaron Ƙofar Shiga a Manhajojin Karɓar Kuɗin Wata-Wata

Tsakure

Kamfanoni da yawa a yau ba sa sayar da kaya sau ɗaya su rabu da mai saye. Sukan ɗaura shi a kan biya duk wata ko duk shekara, manhaja kuma ita ke yin lissafin, ta cire kuɗin, ta aika rasit. Wannan maƙala ta duba tafiyar da irin waɗannan manhajoji ta fuska biyu: ayyukan caji da ake kunnawa a cikinsu, da tsarin da ke ƙayyade wanda zai taɓa su. An saba miƙa na farko ga sashen kasuwanci, na biyu ga masu kwamfuta. Maƙalar na ganin wannan rabo kuskure ne, domin duk aikin da aka kunna iko ne a kan kuɗin wani. An kafa hujja da tsofaffin ƙa'idojin tsaron kwamfuta, da mizanin PCI DSS, da kutse uku da aka yi tsakanin 2012 da 2020, sannan aka auna al'amarin da halin da ƙananan kamfanoninmu ke ciki.

1.0 Gabatarwa

Biya a kai a kai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Almajiri ya san kuɗin Laraba, 'yar adashe ta san ranar zubi, ɗan haya ya san ƙarshen shekara. A duk waɗannan, mai karɓar kuɗin mutum ne sananne. Idan uwar adashe ta yi kuskuren lissafi, an san ƙofar gidanta. Idan ta ɗaga wa wata ƙafa, sauran 'yan zubi za su ji kafin la'asar.

Yau mai karɓar ya koma manhaja. Mai sayar da intanet a unguwa, da mai ba da hasken sola a kan biya kaɗan-kaɗan, da makarantar da ke koyarwa ta waya, da mai ajiye wa mutane shafukan intanet, duk sun dogara da ita. Kwastoma ya ba da katinsa sau ɗaya, daga nan kuɗi na fita daga asusunsa ko yana barci. A kasuwar duniya akwai manhajoji irin su Zuora, wanda aka kafa kamfaninsa a Amurka a 2007, da Chargebee da ya fara daga birnin Chennai na Indiya a 2011, da Stripe Billing, da WHMCS. A Nijeriya, Paystack da Flutterwave na ba 'yan kasuwa damar cajin kati a kai a kai. Sayen Paystack da Stripe ya yi a watan Oktoba na 2020, a kan kuɗin da ya haura dala miliyan 200, ya nuna girman da wannan harka ta kai.

Tambayar maƙalar ita ce: tunda mai karɓar kuɗi ya rasa fuska, wa za a tuhuma idan lissafi ya karkace? Amsar tana wurin mutanen da ke zaune a bayan manhajar, da irin ikon da aka bar wa kowannensu.

2.0 Abin da manhajar ke yi

Aikin manhajar caji ya kasu kashi-kashi. Akwai jadawalin farashi, inda ake rubuta kowane tsari da kuɗinsa da tsawon zangonsa. Akwai rajistar kwastomomi da hanyar biyansu. Akwai fitar da bil, da lissafin haraji, da rangwame, da kwanakin ɗanɗano kyauta, da mayar da kuɗi, da yafe bashi. Akwai kuma bin bashi, wato sake gwada katin da ya ƙi biya, da tura saƙon tunatarwa, da datse hidima idan wa'adi ya cika.

Mu duba aiki guda ɗaya da kyau, wato lissafin ragowar kwanaki. Kwastoma yana kan tsarin naira 15,000 a wata. Bayan kwana 10 a watan da ke da kwana 30, sai ya nemi ya koma tsarin naira 24,000. Saura kwana 20. Abin da bai ci ba daga tsohon tsari ya kama naira 10,000, sabon tsari kuma na kwana 20 ya kama naira 16,000. Cikon da zai yi naira 6,000 ne. Idan aka ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda Nijeriya ta fara aiki da shi a watan Fabrairun 2020, ya zama naira 6,450. To, a yawancin manhajoji wannan lissafi zaɓi ne da ake kunnawa ko a kashe. Idan an kashe shi, ana iya cajin mutumin naira 24,000 cif nan take, ko kuma a bar shi ya ci sabon tsarin a tsohon farashi har wata ya ƙare. A na farko kwastoma ne ya yi asara, a na biyu kamfani. Ɗan akwatin da wani ya danna cikin daƙiƙa guda shi ya yanke wannan hukunci a kan duk wanda ke cikin rajistar.

Haka nan batun kwabo. Paystack na karɓar adadin naira ne a ƙidayar kwabo idan wata manhaja ce ke magana da shi. Wanda ke son cajin naira 15,000 dole ya tura 1500000. Idan ya tura 15000, naira 150 kawai za a cira. Idan kuma ya ninka da ɗari sau biyu, za a nemi cire naira miliyan ɗaya da rabi. Kuskuren kashiya a kanti yana tsayawa kan mutum ɗaya. Kuskuren manhajar caji yana maimaita kansa a kan kowa, duk wata, har ranar da wani ya lura.

3.0 Kowane maɓalli iko ne

Daga nan za a gane cewa kiran waɗannan abubuwa da sunan "sauƙaƙa aiki" bai bayyana gaskiyarsu ba. Maɓallin mayar da kuɗi hanya ce ta fitar da kuɗi daga asusun kamfani. Maɓallin rangwame hanya ce ta raba hajar kamfani kyauta, musamman idan ana iya ƙirƙirar rangwamen kashi 100 marar ranar ƙarewa. Maɓallin yafe bashi yana share shaidar cewa an taɓa bin wani. Maɓallin "an biya da hannu", wanda ake amfani da shi idan kwastoma ya kawo tsabar kuɗi ko ya yi tiransifa, yana ba ma'aikaci damar rufe bil ba tare da kuɗin ya shiga ko'ina ba. Maɓallin sauke rajista kuwa yana zuba sunaye da lambobin waya da adireshin dukan kwastomomi cikin fayil ɗaya da za a iya turawa ta WhatsApp. Mafi haɗari duka shi ne wurin canja asusun bankin da kuɗin kamfani ke sauka.

Saboda haka matakin tsaro na farko yana zuwa ne tun kafin a yi maganar kalmar sirri: a kashe duk aikin da kamfani ba ya buƙata. Wanda ba ya sayarwa da dala ba shi da dalilin barin cajin kuɗin waje a kunne. Wanda ba ya ba da ɗanɗano kyauta ya rufe wannan sashe. Ƙofar da aka toshe da bulo ba ta neman maigadi.

Akwai kuma ɓangaren haƙƙin kwastoma, domin yadda aka saita manhaja yana iya zama zalunci ko da babu ɓarawo a ciki. A watan Yunin 2023 hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta kai Amazon kotu, bisa zargin shigar da mutane tsarinsa na biya a kai a kai mai suna Prime ba da cikakken saninsu ba da kuma wahalar da mai son fita. A watan Satumban 2025 kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 2.5, ba tare da amsa laifi ba. A Indiya, tun daga Oktoban 2021 babban bankin ƙasar ya wajabta a sanar da mai kati aƙalla awa 24 kafin a cire masa kuɗin da ake cira a kai a kai, kuma idan adadin ya wuce wata ƙima sai ya tabbatar da kansa. A lokacin ƙimar rupi 5,000 ce, aka ɗaga zuwa 15,000 a 2022. Darasin shi ne, saitin sabuntawa da na sokewa al'amari ne na doka da mutuncin kamfani. Bai kamata a bar shi a hannun duk wanda ya samu kansa a gaban kwamfuta ba.

4.0 Ƙa'idojin tsaron ƙofa

Ƙa'idojin da ake buƙata ba sababbi ba ne. A 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder suka wallafa maƙalarsu a kan kare bayanai a kwamfuta, inda suka kawo ƙa'idar nan ta ba kowane mutum da kowace manhaja mafi ƙarancin ikon da zai wadatar da aikinsa. A 1987 David Clark da David Wilson suka nuna cewa damuwar 'yan kasuwa ta bambanta da ta soja. Soja na tsoron sirri ya fita, ɗan kasuwa kuma ya fi tsoron a taɓa masa lissafi, don haka suka ƙarfafa raba aiki ɗaya tsakanin mutum biyu. A 1992 David Ferraiolo da Richard Kuhn na hukumar NIST ta Amurka suka tsara ba da izini bisa muƙami: a rataya iko a kan kujera, duk wanda ya hau ya samu, ya sauka ya bar shi a nan.

Idan aka kawo waɗannan cikin ofishin caji, abin zai kasance kamar haka. Mai amsa kiran kwastomomi yana ganin bil da tarihin biya, yana iya sake tura rasit, amma ba ya mayar da kuɗi. Yana iya nema a mayar. Akanta shi ke amincewa, shi ma har zuwa wani adadi da aka ƙayyade, abin da ya wuce haka sai manaja ya sa hannu. Mai tallace-tallace yana ba da rangwamen da aka riga aka tsara, ba ya ƙirƙirar sabo. Mai haɗa manhaja yana aiki a filin gwaji da katunan bogi, ba ya ganin rajistar gaske. Odita yana ganin komai, ba ya taɓa komai. Canja farashi da canja asusun banki kuma sai da mutum biyu.

Mizanin PCI DSS ya mayar da waɗannan ƙa'idoji sharuɗɗa a rubuce ga duk mai hulɗa da bayanan kati. An fitar da shi karo na farko a 2004, kuma a 2006 kamfanonin Visa, Mastercard, American Express, Discover da JCB suka kafa majalisar da ke kula da shi. Yana da manyan sharuɗɗa 12. Na 7 ya taƙaita shiga ga mai buƙatar aiki kaɗai, na 8 ya ce a san kowane mai shiga da sunansa, na 10 ya ce a rubuta sawun duk abin da aka yi. Bugu na 4.0, wanda ya fito a watan Maris na 2022, ya nemi kalmar sirri ta kai harafi 12, a duba izinin ma'aikata aƙalla duk wata shida, a kuma yi tantancewa mai mataki fiye da ɗaya ga duk mai shiga inda bayanan kati suke. Mizanin ya ce a rufe asusun da ya yi kwana 90 ba a taɓa shi ba, a soke na wanda ya bar aiki nan take, a sake neman shaida idan an bar allo minti 15 babu motsi, a kuma ajiye kundin sawu na wata 12, na wata ukun ƙarshe su kasance a kusa. Ya haramta ajiye lambobin tsaro na bayan kati da zarar an kammala tantance biya.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya sa manhajojin zamani ke aiki da lambar madadi. Kamfanin biya ne ke riƙe ainihin lambar katin, ya ba ɗan kasuwa wata lamba da ba ta da amfani a wajen asusunsa. Ma'aikaci ba ya ganin komai sai lambobi huɗu na ƙarshe da ranar ƙarewar kati. Sai dai a lura, lambar madadin tana iya cire kuɗi a hannun wanda ya mallaki mabuɗin kamfanin. Haɗarin ya ragu, ya kuma koma wani wuri.

5.0 Darussa daga kutse uku

A watan Mayun 2012 aka kutsa cikin WHMCS, kamfanin Birtaniya da manhajarsa ke yi wa dubban masu ajiye shafukan intanet aikin caji. Masu kutsen ba su fasa manhajar ba. Sun tuntuɓi kamfanin da ke ajiye masa sabar, suka yi shigar burtu da sunan mai kamfanin, suka amsa tambayoyin tantancewa, aka miƙa musu hanyar shiga. Bayanan kwastomomi kusan 500,000 suka fita.

A ƙarshen 2013 aka sace bayanan katuna kimanin miliyan 40 daga shagunan Target a Amurka. Ɓarayin sun shigo ne da sunan shiga da kalmar sirrin wani ɗan kwangila mai harkar na'urorin sanyaya wuri, wanda aka ba shi hanya don ya riƙa tura bil da takardun kwangila. Daga wannan ƙaramar ƙofa suka lallaɓa har injunan karɓar kati.

Ranar 15 ga Yulin 2020 aka ƙwace asusun manyan mutane a Twitter, ciki har da na Barack Obama da Bill Gates da Elon Musk. Ta waya aka yaudari wasu ma'aikata har aka kai ga kayan aikin cikin gida da ke iya canja bayanan kowane asusu. Asusu 130 aka kai wa hari.

Abu ɗaya ya haɗa ukun. Babu inda aka ɓalle kwaɗo, an shiga ne da mabuɗi na gaske a hannun da bai dace ba. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma ɗan garin nan ba lallai ya zama maci amana ba, ya isa a ce an ruɗe shi. Girman ɓarnar a kowane wuri ya zo daidai da girman ikon da mabuɗin ke ɗauke da shi. Da asusun ɗan kwangilar nan mai na'urorin sanyaya wuri ya tsaya iya tura bil, da labarin Target bai kai kunnenmu ba.

6.0 Mabuɗan da ba na mutane ba

Akwai masu shiga da ake mantawa da su, wato wasu manhajojin. Shafin kamfani, da manhajar akanta, da na'urar da ke datse intanet ɗin wanda bai biya ba, duk suna magana da manhajar caji ta wani dogon mabuɗi na haruffa. A Paystack da Stripe, mabuɗin sirri na gwaji yana farawa da sk_test, na gaske kuma da sk_live. Wannan mabuɗi ba ya neman lambar tantancewa ta waya, ba ya barci, ba ya ajiye aiki. Wanda ya kwafe shi ya zama kamfanin. Duk da haka sau da yawa za a same shi a cikin saƙon da aka tura wa mai haɗa shafi shekara biyu da suka wuce, ko a cikin manhajar waya da kowa zai iya saukewa ya tona.

Maganin a bayyane yake. A ba kowace manhaja nata mabuɗin, a taƙaita ikonsa inda hakan zai yiwu, kamar yadda Stripe ke ba da damar yi, a kuma sauya shi duk lokacin da wanda ya san shi ya tafi. Saƙon da kamfanin biya ke turowa cewa "wane ya biya" shi ma sai an tantance sa hannunsa na lissafi kafin a buɗe hidima, in ba haka ba kowa na iya ƙirƙirar saƙon ya ci bulus. Sannan a sa wa kowace buƙatar caji lambar shaida tata, don idan netwok ya yanke aka sake turawa, kada a ciri kuɗin mutum sau biyu. A inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

7.0 Halin ƙananan kamfanoninmu

Na taɓa zama a ofishin wani ƙaramin kamfanin sayar da intanet, wanda ba zan kama sunansa ba. Ma'aikata biyar ne da kwamfuta biyu. A ƙasan allon ɗaya an liƙa 'yar takarda da salatif, an rubuta kalmar sirri da biro, sunan ɗan maigidan ne da shekarar haihuwarsa. Kowa da ita yake shiga, a matsayin admin. Lambar tantancewa tana zuwa wayar maigidan, shi kuma yana yawan tafiya, don haka in an kira shi sai ya karanto ta, bai tambayi me za a yi ba. Da akanta ya zo haɗa lissafin ƙarshen shekara, sai ya tarar da gidaje da dama suna shan intanet a kan rangwamen kashi 100. Aka buɗe kundin sawu, kowane layi sunan mutum ɗaya ne: admin. Aka tara yara ana tambaya, kowa na rantsuwa. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Ranka ya daɗe, ai har wanda ya tafi bara ya san lambar nan." Maigidan ya yi shiru, domin shi ma ya san ba a taɓa canja ta ba.

Da na ba shi shawarar a buɗe wa kowa asusunsa, a kuma rage wa wasu iko, abin da ya fara cewa shi ne, "Yarana ne, ni na raine su. In na yi haka ai na ce musu ɓarayi." A nan matsalar take. Kasuwancinmu a kan amana aka gina shi, yaron shago yakan shekara goma da ubangidansa babu takarda a tsakani, kuma wannan abin alfahari ne. Amma wanda ya fi cutuwa da mabuɗin tarayya shi ne yaron kirki. Ranar da abu ya ɓace, zargi kan kowa yake sauka, kuma mai gaskiya ba shi da abin da zai wanke kansa da shi sai rantsuwa. Asusu mai sunansa shi ne shaidarsa. Addininmu ma ya umarci a rubuta bashi a kafa shaidu, ba a kuma ɗauki hakan cin fuska ga mai karɓa ba. Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari: wanda ya bar maɓallin rangwame a buɗe ga kowa yana da nasa kason na laifi.

Akwai kuma doka. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta kafa hukumar NDPC, ta kuma wajabta a sanar da ita cikin awa 72 idan an yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Ta sauran kuma naira miliyan 2 ce ko kashi 2 ɗin. Kamfanin da kowa ke shiga da suna ɗaya ba zai iya faɗa wa hukuma abin da aka ɗauka da wanda ya ɗauka ba, ko an ba shi wata guda.

8.0 Shawarwari

Na farko, kamfani ya zauna ya jera duk ayyukan da ke kunne a manhajarsa, a gaban kowanne a rubuta muƙamin da ke da izinin taɓa shi. Duk aikin da aka rasa mai shi, a kashe.

Na biyu, kowane ma'aikaci da asusunsa. Asusun admin ya zama na ranar buƙata, maigida kansa ya riƙa aikin yau da kullum da ƙaramin asusu.

Na uku, a kunna tantancewa mai mataki biyu, kuma a fifita manhajar fitar da lamba ko mabuɗin ƙarfe a kan saƙon tes, tunda ana iya ƙwace layin waya ta hanyar sauya sim. Lambar da aka karanta wa wani ta waya ta tashi daga aiki.

Na huɗu, a sa iyaka ga mayar da kuɗi da rangwame da yafe bashi, kuma wanda ya nema kada ya zama shi ne mai amincewa. Inda ma'aikata suka yi kaɗan, maigida ya riƙa duba jerin waɗannan ayyuka duk mako, ya kuma gwama bil ɗin da aka rufe da hannu da abin da ya shiga banki.

Na biyar, sallamar ma'aikaci ko ɗan kwangila ta haɗa da rufe asusunsa da sauya mabuɗan da ya sani, a ranar da ya karɓi haƙƙinsa.

Na shida, masu haɗa manhaja a gida su sa rabon izini cikin farashi mafi araha. Mayar da tsaro kayan alatu na masu babban tsari yana tura ƙananan 'yan kasuwa ga mabuɗin tarayya.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ayyukan caji da izinin shiga shawara ɗaya ce, kuma wuri ɗaya ya kamata a yanke ta, da akanta da mai kwamfuta da maigida a zaune. Mafi tsufa cikin ƙa'idojin ta kai shekara hamsin da rubutawa, kutsen da aka kawo kuma sun nuna abin da sakaci da su ke jawowa. Galibin matakan da aka lissafa ba sa cin ko kwabo, suna nan cikin saitin manhajar da aka riga aka biya. Kirana ga duk mai kamfani shi ne, idan ya koma ofis gobe, ya buɗe shafin ma'aikata a manhajarsa ya ƙirga sunayen da ke ciki, sannan ya ƙirga mutanen da yake biya albashi. In lissafin bai zo ɗaya ba, daga nan aikinsa zai fara.